Ranar da Baba Ya Kaɗa Ƙararrawa

Na san abin da ya dawo da ku. Da safe kun karanta rubutuna kun sha dariya, yanzu kun leƙo kun tarar an ja layi a kan kowace jimla, kamar littafin ɗalibar da malama ta tsana. Wata ma ta rubuto tana tambaya ko sace min shafin aka yi. Babu wanda ya sace, ni ce da hannuna. Ku gyara zama, yau ba zagi na kawo muku ba.

Ga sababbin zuwa: sunana Majken, shekarata ashirin da biyar, a garin Söderhamn da ke bakin teku aka yanke cibiyata. Shekara huɗu ke nan ina rubutu a wannan shafi, kuma ba a san ni da komai ba sai caccakar Svarta Kajen, tsofaffin mawaƙan rok ɗin nan da suka fara kaɗa jita tun kafin iyayena su haɗu, har yau kuma sun ƙi ajiyewa. Duk watan Yuli sukan zo garinmu su yi wasa a lambun gari, ni kuma a safiyar ranar nakan saki rubutun da zan yi musu wankin babban bargo. Ya zama al'ada. Akwai masu jiransa fiye da yadda suke jiran wasan.

Ba haka kawai na tsane su ba. Suna da wata waƙa mai suna Majken, daga cikinta Baba ya ɗauko sunana. Tun ina aji ɗaya yara ke bina da amshinta har bakin banɗaki: "Ƙanƙara ta narke, jirage sun dawo gida, saura ke, Majken." Malamin lissafi ya rera min, likitan haƙori ya rera min bakina a buɗe. A gida kuwa Baba bai taɓa kirana kamar yadda ake kiran mutane ba, sai da waƙa. Ni kuma amsata ɗaya ce tun ina ƙarama: "Baba, don Allah ka daina." Da zarar an sa faifan nakan bar ɗakin kafin a gama amshin farko.

A ƙarƙashin irin wannan rubutun na tsinci Vidar. Shekara biyu da suka wuce wani ya bar min sharhi, ya ce muryar mawaƙinsu kamar ana jan kujera a kan siminti. Na yi dariya har gahawa ta fito min ta hanci. Na bi sawunsa zuwa nasa shafin, ashe ɗan Göteborg ne, dogo mai tabarau, mai gyaran kekuna da rana, mai yanka mawaƙa da alƙalami da yamma. Wasu zuma ke haɗa su, mu tsami ya haɗa mu. Tun watan Fabrairu ya ce in tattara in koma wajensa mu zauna tare, har ya share min rabin kabad. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Sai ga watan Maris. Baba ya faɗi a gareji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Na bar karatu a Uppsala na dawo gida. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaga murya a kan ƙarar injin yanka katako, ya koma ba ya iya cewa ruwa. Sai ka ga kalmar ta taso har leɓensa, ta tsaya, ta koma. Amma wani ikon Allah, waƙa ba ta tafi ba. Matar da ke koya masa magana ta ce hakan na faruwa, wai hanyar waƙa daban take a kai. Sati uku da dawowarsa daga asibiti ina wanke kwanuka, sai na ji murya daga ɗaki, a shaƙe, tana rarrafe: "Ƙanƙara ta narke..." Kirana yake yi. Duk duniya ita ce hanya ɗaya da ta rage masa ta faɗin sunana.

Kuna tsammanin na narke? Ina fa. Na je na sayo masa ƙararrawa, ƙarama ta tagulla mai mariƙin itace, na ajiye a gefen hannunsa na hagu. Na ce, "Baba, in kana nemana ka kaɗa wannan, kada ka wahalar da maƙogwaronka." Ya dubi ƙararrawar, ya dube ni, ya ture ta bayan tukunyar fure. Wata uku bai taɓa ta ba. Waƙar yake yi, ni kuma in zo ina cewa, "Baba, ga ƙararrawa fa."

Yanzu ga abin da na ɓoye muku, na ɓoye wa Vidar. Kullum da la'asar nakan tura Baba a kekensa na marasa lafiya zuwa gareji, mu buɗe ƙofar da ke duban teku, in sa masa faifai. Da farko da auduga a kunne nake zama. Ban san ranar da na daina sa audugar ba. Akwai wani faifansu na shekarar da masana'antar katako ta fara sallamar ma'aikata, a ciki akwai waƙar da jita ke shigowa a hankali kamar mai tsoron tayar da mai barci. Iska na ɗaga tsohon labulen gareji, ƙamshin kwalta da gishirin teku na shigowa, hasken nan namu na Yuni da ba ya son tafiya ya kwanta a kan gwangwanayen fenti, Baba ya lumshe ido yana buga gwiwa da yatsu biyu. Muryar da muka ce jan kujera ce, sai na ji ta kamar ta mutumin da ya gaji amma ya ƙi zama. Rannan na yi kuka, na ce wa Baba ƙura ce. Na so kiɗan nan, 'yan uwa. Na so shi so na gaske, irin wanda ke sa mutum kunya. Faifai goma sha ɗaya na haddace, waƙa ɗaya tak nake ɗaga allurar faifan in tsallake, kun san wacce.

Wasan bana kuwa shi ne abin da Baba ya sa a gaba. Daga inda ake ajiye mota zuwa gaban dandamali taku ɗari biyu da goma ne, Mama ta je ta ƙirga. Ya rantse da idonsa ba zai shiga a keke ba. Tun Afrilu yake atisaye da sanda a tsakar gida, shekaranjiya ya kai ɗari biyu da shida.

Yau ce ranar. Yau ce kuma ranar da Vidar zai fara zuwa gidanmu. Tun ƙarfe bakwai Mama ta hana ni sakat. Sunanta Gunnel, kuma idan tana son ta yi miki faɗa sai ta ba ki aiki tukuna. Ta ajiye min kwanon jajayen 'ya'yan sitiroberi in cire musu ganyen kai, ita tana buga kirim ɗin kek.

"Wannan rigar za ki sa?"

"Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Baƙa ce dai. Saurayi zai zo ko mai aunin akwatin gawa?"

"Mama."

"Shuɗiyar nan mai ɗigo-ɗigo tana nan a goge. Ni dai ban ce komai ba." Ta ɗanɗana kirim. "Mutum ya tashi tun asuba, tafiyar awa shida a jirgin ƙasa. Wata biyar kina jansa kamar kifi a ƙugiya. Ki ciro shi ko ki sake shi, Majken. Ubanki ni na aure shi, ba ke ba. Kada ki ɓuya a bayan kekensa."

Ta taɓo inda ke ciwo. Can ɗaki na ji Baba na nishi, yana fama da rigarsa. Tsohuwar rigar Svarta Kajen ce, baƙa da ta koma ruwan toka, wuyanta ya saki, cikinta ya matse. Da hannu ɗaya sai ya yi minti goma yana sa ta, kuma idan kika taya shi kin yi laifi.

Ƙarfe goma da minti ashirin wayata ta yi ƙara a kan tebur. Vidar ne.

"Kin kashe su. Wannan ya fi na bara."

Ban gane ba. Wani saƙon ya biyo.

"Ina ta dariya ni kaɗai, tsohuwar da ke gefena ta canja kujera. Mutum ɗari takwas sun shiga cikin minti ashirin."

Na uku ya shigo kafin in goge hannu.

"Hoton babanki fa? Ya yarda kika sa?"

Sitiroberin da ke hannuna ya faɗi ƙasa. Sai a lokacin na tuna. Ku da kuke da shafi kun san maɓallin nan na saita lokaci, wanda mutum zai rubuta abu yau ya ce ya fito wata shida masu zuwa. A watan Janairu, da aka sanar da ranar wasan, ina Uppsala, hannuna na ƙaiƙayi, na zauna na rubuta caccakar bana tun da wuri, na saita ta ƙarfe goma na safiyar yau, na yi ta yaba wa kaina da tsari. Sannan Maris ya zo ya share komai daga kaina. Ita kuwa na'ura ba ta san an yi Maris ba.

Bana kuma ba mawaƙan kawai na taɓa ba. Na sa hoton Baba a gareji, cikin rigar nan, tumbi a waje, yana riƙe da tsintsiya kamar jita. A ƙasa na rubuta: "Idan mutumin nan ya ƙara rera min sunana sau ɗaya, zan je in canja suna, ya nemi wata Majken ɗin ya dama."

Kuma Baba yana karanta shafina. Mai koya masa magana ce ta ce ya riƙa karanta gajerun abubuwa kullum, shi kuma ya zaɓi nawa. Ƙarfe goma daidai, bayan gahawa, da yatsa a kan gilashin kwamfuta, kalma bayan kalma.

Ban ruga ba. Ina tsaye a kicin, rana ta cika tagar, ƙudan zuma ɗaya na zagaya kwanon sukari, komai ya yi tsit kamar a mafarki. Sai na ji ta.

Ƙararrawa. Sau biyu, a hankali.

Mama ta ajiye cokali. "Mene ne wannan?"

Na same shi a gaban kwamfuta da singileti. Ya cire rigar, ya ninke ta da hannu ɗaya, ya ɗora a kan tebur. Ƙararrawar na hannunsa, har da ƙasar tukunyar fure a jikinta. Bai ɓata fuska ba, da ma ya ɓata. Ya nuna min kofinsa, wai in ɗauke. Na ce, "Baba, tun Janairu na rubuta, kafin..." Ya gyaɗa kai, irin na na ji, ba komai. Ya ɗauki sandarsa ya tafi gareji shi kaɗai, ya jawo ƙofa.

Mama ta karanta a tsaye, tabarau a kan hanci. Da ta gama ba ta daka min tsawa ba.

"Goge shi."

"Ba a gogewa, Mama."

"In ji wa?"

In ji mu. Kun san dokarmu ta masu shafi: abin da ka saki ya saku, idan ka yi kuskure ka ja masa layi ka bar shi kowa ya ga abin da ka taɓa faɗa. Ni da bakina na yi wa wata tsiya bara don ta goge rubutu cikin dare ta yi kamar ba ta yi ba. Na yi wa Mama wannan bayani, ta dube ni kamar na ce mata ana cin miya da cokali mai yatsu.

"To ki zauna da dokarki. Shi dai ya riga ya karanta, gogewa ba za ta cire masa daga ido ba. Amma ki sani, in bai je wasan nan ba yau, ba zai ƙara tashi daga kujerar nan ba. Na san mijina."

Na zauna na ja layi a kan kowace jimla, ɗaya bayan ɗaya. Hoton kuwa na bar shi, don da na ƙura masa ido sai na ga ashe dariya Baba yake yi a ciki, kuma ni yake kallo.

Ƙarfe ɗaya saura Vidar ya iso, da jaka a kafaɗa da furanni da suka sha zafin jirgi. Na sa shuɗiyar rigar, kada ku tambaye ni dalili. A bakin ƙofa na tare shi.

"Na ga layukan," in ji shi. "Wani ya yi barazanar kai ki kotu ne?"

"Vidar, ina son su."

"Su wa?"

"Svarta Kajen. Wata biyu ke nan. Kullum nake ji. Faifai na uku da na bakwai sun fi, amma har na tara ɗin da muka ce a binne shi, ina so."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ban san abin da zai rage tsakaninmu ba idan aka cire tsamin. Shi ya sa na kasa ba shi amsa tun Fabrairu, ba keken Baba ba ne.

"Har na tara?" ya ce.

"Har na tara."

"Kai. Abin ya yi nisa." Ya mayar da tabarau. "Ina baban naki?"

Na ba shi labari a gurguje. Ya miƙa wa Mama furanni, ta karɓa tana auna shi daga takalmi zuwa gashi. Ni kuma na ɗauki rigar Baba daga kan tebur na zura a kan shuɗiyar, ta sauko min har cinya, tana ƙamshin sabulu da katako.

Baba na zaune a gareji, ya ba ƙofar cikin gida baya, yana kallon ruwa. Bai sa faifai ba. Ƙararrawar na kan gwiwarsa. Na durƙusa a gabansa, na rasa ta inda zan fara, don duk kalmomin da nake taƙama da su su ne suka kawo mu nan. Sai na buɗe baki na rera. Ku gode wa Allah ba ku ji ba, muryata kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba.

"Ƙanƙara ta narke, jirage sun dawo gida, saura ke..."

Na tsaya, na bar masa gurbin. Ya dubi rigar da ke jikina, ya dubi teku.

Na sake. Bai cike gurbin ba. Na so in ci gaba, sai na tarar ban san abin da ke gaba ba. Shekara ashirin da biyar da sunan waƙa a kaina, ban taɓa tsayawa na ji baiti na biyu ba.

Daga bakin ƙofa wata murya ta ɗauka, siririya, tana rawa, ba ta kan hanya ko kaɗan. Vidar ne, kunnuwansa sun yi ja.

"In ba ki dawo ba, ba zan bi ki ba. Zan haifi 'ya in ba ta sunanki, don in na tsaya a bakin ruwa na yi kira, a samu mai amsawa."

Na juya ina kallonsa. Ya ɗaga kafaɗa. "Ba a zagin abin da ba a sani ba. Sau ɗari na ji ta."

A samu mai amsawa. Na zauna daɓas a kan siminti. Tun ina cikin zani mutumin nan yake kira, sau dubu nawa, ban taɓa amsawa ba ko sau ɗaya. Ka daina, ka daina, ga ƙararrawa. Kunya ta rufe ni, na kifa goshi a gwiwarsa ina kuka, wannan karon ban ce ƙura ba ce.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Labule na tashi yana sauka, wani jirgin ruwa na wucewa can nesa. Sai na ji yatsu biyu suna bugawa a kafaɗata, a hankali, irin bugun da yake wa gwiwarsa. Ya ja numfashi. Muryar ta fito a shaƙe, tana tuntuɓe a kan kowace gaɓa.

"Ƙanƙara... ta narke... jirage sun dawo gida... saura ke..."

Ya tsaya. Na ɗago. Idonsa a kaina.

"Majken."

"Na'am, Baba."

Ya lumshe ido. Can ya sake, wai ko kunnensa ne: "Majken."

"Na'am."

Ya miƙo hannun hagu ya ja wuyan rigar da ke jikina, wato ba ni kayata. Na cire na ba shi, muka tsaya mu biyu muna kallonsa minti goma yana fama da ita, babu wanda ya isa ya taya. Ƙararrawar kuwa Baba ya miƙa wa Vidar, shi kuma ya karɓa ya rasa yadda zai yi da ita, ya sa a aljihu.

Yanzu ƙarfe huɗu da rabi. Wasa ƙarfe shida, taku ɗari biyu da goma, kuma bai taɓa wuce ɗari biyu da shida ba. Vidar na kicin, Mama ta ba shi yanka na uku na kek tana tambayarsa faɗin kabad ɗin nan. Ɗazu da muka haɗu a lungu ya ce min a kunne, tambayarsa ta Fabrairu tana nan, amma da sharaɗi ɗaya: faifai na tara ba zai shiga gidansa ba. Ban ba shi amsa ba. Ina jin na san ta, sai dai ba ku za ku fara ji ba.

Masu cewa na sayar da kaina, ga wurin sharhi nan a buɗe, ba zan goge ko ɗaya ba. Ni dai bari in tashi haka nan. Ga Baba can daga gareji ya fara rerawa, kuma kafin ya kai ƙarshen layin ina so in kasance a bakin ƙofa.